Hoton Alƙasum Ba Amawali

Gado aka aiki Arzika ya sayo. Wani Nasara mai gina rijiyoyi ne ya gama aikinsa a Tawa zai koma gida, ya baje kayan ɗakinsa yana sayarwa, shekara huɗu bayan samun mulkin kai. Huseina ta ji wajen mata a rijiya cewa akwai gadon ƙarfe mai kyau a ciki. Ta ce wa mijinta ya je da wuri kafin matan ma'aikata su riga shi. Ya tafi da hantsi, ya dawo da azahar, ba gado, ba mai ɗauke da gado. Sai wani abu a aljihu naɗe cikin tsumma, girmansa kamar finjalin shayi.

"Malam, ina gadon?"

"Tsaya ki gani tukuna."

Ya warware tsumman a hankali kamar mai buɗe jinjiri. Baƙin ƙarfe ne kewayayye, da gilashi gaba da baya, bakinsa ya ɗan lotse a gefe guda.

"Mi ne ne wanga?"

"Abjektif."

"Da Hausa."

"Ido ne. Idon kyamara."

"Ashe kyamarar taka makauniya ce tun da, ba ka gaya mani ba."

Arzika mai hoto ne. Yana da rumfa kusa da kasuwa, da baƙin zane rataye a bango, da kujera guda. Duk mai son hoto sai ya zauna cikin rana yana ƙifta ido, don idon da ya zo da kyamararsa ƙaramin baki gare shi, in ba rana ba ya gani. Wannan sabon kuwa, in ji Arzika, yana buɗewa kamar idon kyanwa cikin rumbu. Ya nuna mata lamba hamsin da lamba biyu a jikin ƙarfen, ya ce ba ya jawo nesa, ba ya ture kusa, ƙafar mai hoto ce za ta yi wannan aikin. Amma cikin ɗaki, da ɗan hasken taga kaɗai, zai ɗauki mutum. Ya ce arha ya same shi saboda lotsewar nan, kuma Nasaran ya rantse gilashin lafiya lau yake.

"To, sai mu shimfiɗa shi mu kwanta," in ji Huseina. Ta koma ga dakanta.

Wata guda ido bai yi wani aikin kirki ba. Mutanen Tawa sun saba da rana, can suke zama a ɗauke su. Arzika ya ɗauki randa, ya ɗauki akuya cikin zaure, ya ɗauki 'yarsu Balki tana barci. Ya yi ta nuna wa Huseina yadda gashin idon yarinyar ya fito ɗaya ɗaya, bayanta kuwa komi ya narke. Ta duba ta ce ma sha Allahu, ta tambaye shi ko ya tuna da gishiri.

Ran wata Lahadi, ranar kasuwa, mahaifinta ya sauka.

Alƙasum Buzu ne, yana kiwo arewa da Affala. Uwar Huseina Bahaushiya ce Ba'adara, ta rasu da daɗewa, shi ya sa yarinyar ta tashi tsakanin harshe biyu, ta yi aure cikin gari. Tsohon ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofar gida, ya aika aka kira ta zaure, ya gaya mata abin da ya kawo shi ba tare da kewaye ba. Ya sayar da abin da zai sayar. Bana zai tafi Makka. Ya ce ƙafafunsa sun fara ba shi labari, baɗi bai san ko za su ɗauke shi ba. A biro, wato ofishin gwamnati, an ce ya kawo hoto biyu, kuma takardun maniyyata duk za su bi motar Alhamis zuwa Yamai. Wanda takardarsa ba ta shiga motar nan ba, sai wata shekara.

"Alhamdu lillahi, Abba. Hoto kam gidansa ka zo."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ɗan ja amawalinsa sama, har ya kusa taɓa gashin idonsa.

Duk wanda ya zauna da mutanen arewa ya san amawali. Namiji in ya isa aka naɗa masa rawani, bakinsa da hancinsa sun shiga ke nan. Ko shayi zai sha cikin mutane, ta ƙarƙashin ƙyallen zai kai finjali. Gaban suruki kuwa abin ya fi tsanani. Shekara tara da auren Huseina, Arzika bai taɓa ganin abin da ke ƙasan idon tsohon ba, ba su taɓa cin abinci wuri guda ba. In sun gaisa, ɗaya na kallon gabas, ɗaya na kallon ƙasa.

Ran Litinin tsohon ya zauna kan kujerar rumfa cikin rana, da rawaninsa na turkuɗi yana ƙyalli. Arzika ya ɗauke shi, hoto ya fito tas. Ran Talata suka kai biro. Malamin biro, wani saurayi mai farar riga da alƙalami a aljihu, ya duba hoton ya turo shi baya da yatsa.

"Wanga hoton rawani ne. Huska muke biɗa. Goshi, hanci, baki, haɓa."

Aka yi masa bayani, ya ce ba shi ya yi doka ba, in ya aika da wannan Yamai za su maido.

Da suka dawo gida, Alƙasum ya ce a ɗauko masa sirdi.

Huseina ta aje kwanon fura a gabansa, ta zauna bakin ƙofar zaure. Ba mace ce mai dogon zance ba.

"Abba, ina za ka?"

"Gida."

"Makkar fa?"

"Allah ya san niyyata."

"Ya sani. Amma in tambaye ka. In kun kai wurin ɗaura harami, da rawani za ka shiga?"

Ya kawar da kai. Ta ci gaba.

"Malamai sun ce ƙyalle biyu ne, kai a buɗe. Duniya duk za ta ga bakinka, daga Masar har Hindu."

"Can gaban Allah ne, kowa kansa a buɗe. Nan bakin kasuwar Tawa ne, da mahauta da masu jakai." Ya rage murya. "Kuma mijinki ne bayan abin, shina leƙe."

"In a tsakar gida ne fa?"

Ya juya ya dubi darnin karan da ya raba su da maƙwabta. Ana jin muryar mata uku ta cikinsa, ana ma ganin kalar zanensu.

"Darninku ido gare shi."

"In cikin ɗaki ne, an saki asabari, ba kowa sai ni?"

Tsohon ya daɗe yana juya ludayi cikin fura. Huseina ta ga bakin mahaifinta tana ƙarama, lokacin da take zuba masa ruwan alwala a daji, shi ma ya san da haka.

"Ke kin iya?"

"Zan iya zuwa gobe."

Ta sami Arzika bayan ɗaki yana wanke kwanonin maganin hoto. Ta ce, "Idon nan naka da ka ce shina gani cikin ɗaki. Gaskiya ne ko cika baki?"

Ya miƙe tsaye da sauri har ya zubar da ruwa. Ya ce gaskiya ne. Ya ce da tsohon idon ma ana iya ɗauka a ɗaki in mutum zai daskare kamar turmi har a ƙirga biyar, amma ya lura kan Baba yana ɗan rawa, ba zai yiwu ba. Da sabon kuwa ƙiftawa ɗaya ce. Sai dai abu guda. In aka buɗe idon duka, wurin da yake gani sosai bai fi faɗin tafin hannu ba. Gaba da nan hazo, baya da nan hazo.

"To ka daidaita shi, ni in danna."

Ran Laraba da hantsi Arzika ya shiga ɗakinta shi kaɗai ya shirya komi. Ya rataya sabuwar tabarma a bango. Ya kife turmi kusa da 'yar tagar gabas don zama. Ya kafa kyamara kan ƙafafunta uku, ya murɗa zoben idon, ya leƙa, ya sake murɗawa. Ya nuna mata inda za ta leƙa ta ga kai ya shiga tsakiya, da inda za ta danna, da abin da za ta ja da babban yatsa kafin ta sake dannawa.

"Kamu ukku ne daga idon zuwa huskarsa. Kada ki taɓa zoben. Kada ki gusa komi. Ki danna sau ukku."

Ya ɗauki Balki suka fita har waje, ya tsaya gindin bishiyar bedi a ƙofar gida.

Alƙasum ya shigo, ya dubi turmin.

"Wa zai zauna nan?"

"Kai, Abba."

"Na zama gero?"

Ba yadda ba ta yi ba. Ya ce shi bai taɓa zama bisa turmin mata ba, ba kuwa zai fara da furfura ba. Ya shimfiɗa fatar sallarsa a ƙasa, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, bayansa kusa da tabarmar. Yanzu kyamara tana kallon bango sama da kansa.

Huseina ta yi tunanin kiran mijinta. Amma tsohon ya riga ya kai hannu ga rawani, ta kuwa san in wani ya shigo yanzu magana ta ƙare. Sai ta rage tsawon ƙafafun kyamarar kamar yadda ta sha ganin ana yi, ta jawo ta. Kamu uku aka ce. Ta durƙusa ta auna daga gwiwar hannunta zuwa kan yatsa, ɗaya, biyu, uku, yadda take auna zane in za ta saya. Ta kafa abin a nan. Zoben ba ta taɓa shi ba.

Ta ce bismillahi. Tsohon ya sauke amawali. Ba ta tsaya kallo ba, ta leƙa ta ga kai yana tsakiya, ta danna sau uku. Kafin ta ɗago ya mayar da ƙyallensa.

"Wa zai wanke?" ya tambaya.

Wannan ba ta yi tunaninsa ba. Ta fita ta gaya wa Arzika, ya sosa ƙeya. Ya ce fim ɗin dai cikin duhu ake wanke shi, ko ya so gani ba zai gani ba. Bugawa bisa takarda ce matsala, don nan fuska take fitowa.

"To ka juya baya, ka gaya mani."

Ɗakin wankin hoto wani ɗan ƙuntataccen ɗaki ne, an toshe ƙofarsa da barguna biyu. Akwai injin bugawa mai aiki da batirin mota, da fitila da aka rufe da jan ƙyalle, da kwanoni uku. Huseina ba ta taɓa wuce bakin ƙofarsa ba saboda wari. Arzika ya yanke guntun fim cikin duhu, ya wanke, ya miƙa mata ta rataya, ya bushe nan da nan don rani ne. Ya daidaita injin da wani tsohon fim, sannan ya zauna yana fuskantar bango, ya ja hula har ido.

"Sa shi cikin ƙarfen, mai ƙyallin sama. Aje takarda. Kunna. Ɗaya, biyu, ukku, huɗu, biyar, shida. Kashe. Kwanon farko. Ki riƙa kaɗawa awa mai tankaɗe, a hankali."

Ta kaɗa. Farar takarda ta fara yin toka toka.

"Mi kika gani?"

"Tabarma."

"Sai mi?"

"Tabarma ta hito da kyau. Ana iya ƙirga kabarta. Har wurin da mai saƙar ta yi kuskure ga shi nan."

"Baba fa?"

"Abba hayaƙi ne."

Duka ukun haka suke. Arzika ya tambaye ta ko ta taɓa zoben, ta ce a'a. Ko ta gusa kyamara, ta ce dole ta sa, amma ta auna kamu uku cif.

"Da hannun wa?"

"Da hannun wa zan auna? Na maƙwabta?"

Ya ce ta rufe hotunan. Ta kife su, ya juyo, ya kama hannunta ya jera da nasa gwiwa da gwiwa ƙarƙashin jar fitila. Yatsunsa sun wuce nata da faɗin yatsa huɗu. Sau uku, ya zama kusan taƙi guda da ɗori. Idon yana can yana neman mutum inda aka gaya masa, ya tarar da tabarma.

"Da gadon ka sayo," in ji Huseina. Amma ba da ƙarfi ta faɗa ba.

An yi azahar ke nan. Hasken tagar gabas ya tafi. Arzika ya ce akwai 'yar ƙofar iska a bangon yamma, bayan la'asar rana tana shigowa ta nan kamar tsawon dafa shayi biyu. Ya ce hasken kaɗan ne, sai an buɗe idon har ƙarshensa, kuskuren yatsa biyu ma zai ɓata. Ya ɗauko zaren saƙa mai kauri, ya ɗaura a wuyan idon, ya auna da kansa, ya ƙulla ƙulli a ƙarshe. Ya ce ƙullin ya taɓa ƙashin da ke ƙarƙashin ido, zare a miƙe, shi ke nan.

Saura tsohon.

Ta same shi a zaure ya idar da salla yana jan tasbaha. Ta durƙusa ta miƙa masa hoto ɗaya. Ya kai shi kusa da ido, ya nisantar, ya daɗe yana dubawa.

"Wanga ya yi mani. Ba wanda zai gane ni. A kai musu."

"Ba za su karɓa ba."

"To na yi abin da kika ce. Na buɗe. Sau guda ne."

"Abba, ba laihin inji ba ne, ba laihin Malam ba ne. Nawa ne. Ya ce kamu ukku, na auna da hannuna."

"Ke da wanga hannu?" Ya dubi hannun. "Na uwarki ne. Ita ma in ta auna igiyar guga kullum sai ta kasa kai ruwa."

Huseina ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In ka hau raƙumin nan ka koma, baɗi ƙafa ta ƙi, mutane za su ce Alƙasum bai samu zuwa ba, Allah bai nufa ba. Ni kuwa na san hannuna ne. Da shi zan zauna har a kai ni kushewa. Ina da ɗiya, ina da daka, ba ni da wurin aje wanga."

Tsohon ya yi wata magana da Buzanci can ƙasa ƙasa, irin wadda yake yi wa raƙumi in ya ƙi tashi. Ya ci gaba da jan tasbaha har ya kai ƙarshenta.

"Wane ne ya auna yanzu?"

"Shi. Da zare."

"Kawo zaren in gani."

Bayan la'asar suka shiga ɗakin. An juya tabarma zuwa ɗaya bangon. Haske ya shigo ta ƙofar iska kamar sanda, ya bugi bango ya watsu. Ga idon Huseina ɗakin duhu ne, ko zare ba za ta iya sa wa allura ba a nan. Alƙasum ya zauna bisa fatarsa. Ya kama zaren, ya ja ya ji ƙarfinsa, ya duba ƙullin ya ce ƙullin mutanen gari ne amma zai riƙe. Shi da kansa ya matso da gindinsa gaba kaɗan, ya koma baya kaɗan, har zaren ya miƙe ƙullin ya zauna ƙarƙashin idonsa. Mutumin da ya shekara hamsin yana jan ruwa a rijiya mai gaba talatin ba a koya masa igiya.

"Saki zaren, Abba. Kada ka motsa."

Ya saki. Ya sauke amawali. Ta ce bismillahi, ta jira kan ya tsaya da rawarsa, ta danna. Ta ja, ta danna. Kafin na uku ta sa ya sake kama ƙullin, don ta ga kamar ya ɗan sunkuya. Sandar hasken ta hau bango ta fara ja. Ya mayar da ƙyallensa ya tashi ya fita neman ruwan alwala.

Suka koma ɗakin wari, Arzika da fuskarsa a bango, Huseina da kwanoni. Ya ƙirga, wannan karon har takwas. Ta kaɗa.

Ido ne suka fara fitowa, baƙi ƙirin, da ɗigon haske a kowanne. Sai goshi. Sai abin da ke ƙasa. Daga ƙashin hanci zuwa sama fatar baƙa ce, rana da shuni sun dafa ta. Daga nan zuwa ƙasa fara ce kamar ta wani mutum dabam. Gemu kaɗan ne, fari, kowane gashi a tsaye shi kaɗai, bai rufe komi ba. A tsakiyar haɓar akwai tsaga, 'yar gajera, ta ɗan karkace hagu. Tabarma ta narke bayansa, ba a ko gane tabarma ce.

Huseina ta san wannan tsagar. Kullum tana ganinta a madubin da ke jikin murfin kwallinta. Tana wanke ta kowace safiya a fuskar Balki. Ta manta sam inda ta samo ta.

"Ƙaƙa? Ya hito?"

"Kwano na biyu yanzu ko?"

"Na biyu, na biyu. Ya hito?"

"Ya hito."

"Idon fa? Ana ganin gashin ido?"

"Ana gani."

"Bayan fa, ya narke?"

"Malam, ka bar motsi, za ka ture batir."

Ta buga biyu, ta ɗauraye, ta shanya su cikin ɗakinta ƙarƙashin faifai da ta tokare da dutse don iska ta shiga. Kafin kiran magariba sun bushe.

Ran Alhamis da sassafe ta yafa mayafi ta bi mahaifinta biro, hotuna cikin ambulan a hannunta. Arzika ya raka su har gindin wata bishiya nesa da ƙofa, ya tsaya nan. Motar Yamai tana tsaye, ana ɗora mata buhuna. Malamin biro ya buɗe ambulan, ya duba, ya ɗaga gira.

"Wanga hoto ne. Wa ya ɗauka?"

"Gidan Arzika."

Ya dubi hoton, ya dubi tsohon da ke tsaye gabansa a naɗe, ido kaɗai a waje.

"To ƙaƙa zan san shi ne? Kowa na iya kawo mani hoton wani. Baba, ɗan sauke kaɗan in gani."

Akwai mutum kusan goma cikin ɗakin, duk suka juyo. Huseina ta ga hannun mahaifinta ya kai ga sandarsa, ta san juyawa zai yi.

"Mushe," ta ce wa malamin, yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, "dubi idon tukuna."

Ya duba. "Ido ya yi kama. Ido dai ido ne."

"To ni ɗiyatai ce, kowa a nan ya sani." Ta ɗan ja mayafinta baya ta ɗaga haɓa. "Dubi nan, ka dubi takardarka."

Saurayin ya dubi haɓarta, ya dubi hoton, ya sake dubanta. Wani dattijo da ke jira a benci ya ce shi ya san su tun Affala, ɗiyarsa ce. Malamin biro ya yi wani ɗan tari, ya shafa gam a bayan hoton, ya manna, ya buga hatimi rabi a takarda rabi a kafaɗar Alƙasum. Ya jefa takardar cikin jakar da ke kan tebur, ya ce na gaba.

Tsohon ya kama hanya, tana biye, har suka kusa bishiyar. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Baƙin abin da anka buga hoton da shi, ina yake?"

Ta ciro guntayen fim daga bakin zanenta, na safe da na la'asar, ta ba shi. Ya naɗe su ya tura cikin jakar fatar da ke rataye a wuyansa. Da suka iso, ya tsaya gefe yana kallon gabas, ya ce a gaya wa maigidan Huseina Allah ya yi albarka, zai yi masa addu'a a can. Arzika yana kallon ƙasa ya ce amin.

Bayan azahar Alƙasum ya hau raƙuminsa ya koma ya sallami dabbobinsa da mutanensa kafin kiran tafiya ya zo. Huseina ta share zaure, ta kwance tabarma daga bango, ta mayar da turmi wurinsa. Arzika yana zaune bakin ɗaki yana goge idon da tsumma, yana hura masa iska.

"Ba ki rage ko guda ba? Ko wanda ya ɓaci?"

"Ya tahi da su duka."

"Hoto mafi kyau da idon nan ya yi, ni ban gani ba." Ya juya ƙarfen a hannunsa. "Ki dai gaya mani. Ƙaƙa yake?"

Balki ta zo da gudu ta faɗa jikinsa, fura duk a bakinta. Ya sa babban yatsa ya share mata haɓa, bai ko duba ba. Huseina ta kalle su, ta zuba gero a turmi.

"Tsoho ne," ta ce. "Ka bar zaren nan jikin kyamara, kada ka kwance. Matar liman ta ce uwarta na son zuwa Makka baɗi, ita ma ba ta hita rana."

Ta ɗauki taɓarya.